Farin Negroni: yadda ake shawo kan ɗacin Suze

Mai buɗe zance: Jama'a masu aikin haɗa abin sha a otal-otal, ina neman gogewarku a kan Farin Negroni, haɗin barasa mai ɗaci. Na asalin dai kowa ya san shi: jin (barasar gin), Campari (jar barasa mai ɗaci) da jan bermut (giyar inabi mai kayan ƙamshi), kowanne mililita 30, kuma an ce a Florence ta Italiya aka faro shi wajen 1919. Farin kuwa wani Bature ɗan Ingila, Wayne Collins, ya haɗa shi a 2001 a yankin Bordo na Faransa, ya cire kayan Italiya ya sa na Faransa: Suze, barasa mai ɗaci, a gurbin Campari, Lillet Blanc, farar giyar inabi, a gurbin bermut. Matsalata ita ce, duk lokacin da na auna su daidai wa daida, ɗacin yakan danne komai. Ina gyaran yake?

Tsohon hannu: Ɗan'uwa, gyaran yana wajen awo. Campari ɗacinsa na ɓawon lemo ne, ga sukari mai yawa da ke rufa masa asiri. Suze kuwa daga saiwar jantiyan ake yin sa, wani tsiro mai ruwan ɗorawar fure da ke fitowa a tsaunukan Faransa, kuma ɗacinsa irin na maɗaci ne, wanda ke zama a maƙogwaro bayan an haɗiye, tare da ƙamshin ƙasa. Shi kuma Lillet ba shi da nauyin jan bermut, ba zai iya riƙe shi ba in sun zo kai ɗaya. Awon da na zauna a kai, a mililita: jin 45, Lillet 30, Suze 20. Ga baƙon da bai saba da ɗaci ba, sauke Suze zuwa 15. Kada ka yi ƙasa da haka, don daga nan ya tashi daga Negroni ya koma wani abu mai kama da Martini (haɗin jin da farin bermut) mai zaƙi.

Mai kula da sito: Yallabai ya faɗi gaskiya, amma a duba kwalbar Lillet ɗin kafin a ɗora wa Suze laifi. Giyar inabi ce, ƙarfin barasarta kashi 17 cikin ɗari ne kawai, ana yin ta a Podensac kusa da Bordo. Da zarar an buɗe, iska ta fara cin ta. In aka bar ta a kan tebur cikin zafi, kafin mako biyu ƙamshin lemo da zumar nan ya gudu, sai lami da ɗan tsami. To me zai tare ɗacin? A rufe ta sosai, a sa a firji, a rubuta ranar buɗewa a jikinta, a ƙarar cikin wata guda. Jin da Suze ba su da wannan lalurar.

Mai buɗe zance: Wannan ta shige mini, Yaya, tawa a kan tebur take. To batun ƙanƙara fa?

Tsohon hannu: Nan ne rabin aikin. Ba a girgiza shi, juya shi ake yi. Girgizawa tana cusa masa iska da ɓarɓashin ƙanƙara, ya yi hazo, laushinsa a baki ya tafi. Zuba kayan uku a kofin haɗi, cika shi da ƙanƙara mai tauri, ka juya da dogon cokali na daƙiƙa 25 zuwa 30. Ruwan da ke narkewa a lokacin yana cikin haɗin, kusan mililita 25 ake so, shi ke sassauta ɗacin ya buɗe ƙamshin. In ka gajarta, zai fito da zafin barasa da kaifi. Idan ƙanƙarar ta riga ta fara zufa a bokiti, tsiyaye ruwan tukuna, ka rage juyawar zuwa daƙiƙa 15, in ba haka ba ka ba baƙo ruwa mai ɗaci. Sai a tace a gajeren tambulan da aka sanyaya, a kan dunƙulen ƙanƙara babba guda ɗaya. Ƙanana suna saurin narkewa.

Mai aikin dare: Ni ɓawon da ake sawa a kofin don ƙamshi zan yi magana a kai. Na gwada na lemon zaƙi don sabo da jan Negroni, bai shiga ba, yana faɗa da ƙamshin jantiyan. Na garehul ya fi, bayansa na lemon tsami babba. A fere shi siriri, ban da farin cikin nan, don shi ma ɗaci ne. A matse shi a saman kofin, mansa ya fantsama, sannan a jefa. Kuma a sanar da baƙo tun farko cewa sunan ne fari, launin ruwan zinariya ne saboda Suze. Mai son ya fito fari-fari sai ya nemi Salers, shi ma na jantiyan ne, amma ya fi bushewa, don haka a haɗa shi da Dolin Blanc, farin bermut mai ɗan zaƙi, maimakon Lillet.

Mai kula da sito: Jin ɗin ma da magana. Da jin mai suna Plymouth aka fara yin Farin Negroni, kuma ya dace don ba shi da kaifi. Masu ƙamshin fure ko kokwamba ɓacewa suke yi a ƙarƙashin Suze, asarar kuɗi ce kawai. In taro ne na mutum goma: jin 450, Lillet 300, Suze 200, ruwa 250, a kwalba ɗaya, a firji tun safe. Kuma a tuna, ko bayan narkewar ƙanƙara ƙarfinsa ya haura kashi 20, kofi ɗaya kafin abinci aka yi shi dominsa.

Mai aikin dare: Ga baƙon da ba ya shan barasa, kuma suna da yawa, ina jiƙa busasshiyar saiwar jantiyan giram 2 a ruwan zafi mililita 250 na minti 10, in tace, in bar shi ya huce. Sai in ɗebi 15 daga ciki, ruwan farin inabi 45, ruwan garehul 15, in cika da tonik a kan ƙanƙara. Kada saiwar ta wuce minti goman nan a ruwa, in ta wuce ko sukari ba ya ceto shi.