Musayar waƙa: ina Hausa ta tsaya?

Bakaben Argungu:
Salamu alaikum. Jiya a tashar Kamba na ga direba ɗan Dogon Dutsi ta Nijar yana cinikin buhun shinkafa da wata dattijuwa, har da rantse-rantse, babu tafinta. Shi ya tayar min da waƙa. Amsa-amonmu "wa" ne, wanda ya karya ya sayi goro.

Da sunan Allah na buɗe baitina,
Kan harshen da muka sha a nonon uwa.
Bature ya ja layi bisa takarda,
Ya raba gona, ya kasa raba gaisuwa.
Can suna ƙirga sefa, mu muna naira,
Amma "nawa ne?" ɗaya ce a kasuwa.

'Yar Gusau:
Na karɓa, Kawu.

Kawu ka tsaya nan bakin ƙofa,
Ni zan bi fatake masu ɗaukar kanwa.
Suka kai ta Gwanja, suka ɗauko goro,
A Salaga an san su da saye da sayarwa.
Je Kumasi yau ka tambayi Zango,
Za ka ji "maraba" tun kafin tsayawa.

Malamin Mafara:
Ɗiyata kin yi yamma, ni na yi gabas,
Hanyar Makka ta ƙasa, mai wuyar takawa.
Ranar yaƙin Burmi da Turawa, shekarar 1903,
Sarki Attahiru ya faɗi, jama'a na watsewa.
Ɗansa Bello Mai Wurno ya ja saura,
Har gaɓar Nilu a Sudan suka yi tarewa.
Garin yana nan da sunan Mai Wurno,
Jikoki na Hausa, ba su yarda da mantawa.

Af, kada in manta: a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wani ya sa mana wannan a baiti, ni ma'auni ya ƙi min.

Bakano Mai Shago a Gusau:
Ranka ya daɗe Malam, a ba baƙo wuri.

Ku gyara baki kafin ku tafi yawo,
Hausar littafi ai tamu ce Kanawa.
Ku ce fili, ku bar mana hili,
"Munka" da "sunka" ku bar wa tsohuwa.
Shekara tara ina awo a garin nan,
"Shina zakuwa" har yau ba na ganewa.

Bakaben Argungu:
Wanga yaro, mi kac ce? Zamna ka jiya.

Tahi Ƙwanni ko Tawa ka kasa kunne,
Tamu za ka ji, ba taku ta Kanawa.
Kanta na Surame shina bisa doki,
Can ba a san boko ba balle gyarawa.
Aji ukku malam yaj ja min jan biro,
Don na rubuta "hwara" ga farar saniya.
Shi ko da an tashi, ƙarƙashin darbejiya,
"Hwara" shika cewa in shina hira da ɗiya.

'Yar Gusau:
Kawu, fushi ya kwashe ka! "Saniya" da "ɗiya" ba su ƙare da "wa" ba. Kai ka kafa doka.

Bakano Mai Shago a Gusau:
Farin goro nake so, manya, guda goma.

Bakaben Argungu:
Na yarda. Amma sai ka ce "hwarin goro" da bakinka, sannan in aiko ta motar Gusau.