Musayar waƙa: ƙanin kakana da teku ta riƙe

Ɗan Sabon Zango:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na bi ta unguwar Jamestown a nan Ankara (Accra) wajen doguwar fitilar nan ta bakin teku sai kawai ƙanin kakana ya faɗo min a rai, dako ya je yi Takoradi daga nan ya samu aikin zuba kwal a jirgin kaya, lokacin yaƙin Hitila ne, farkon 1941 ya tafi har yau shiru. Amsa-amo "wa" ne, mai iyawa ya karɓa.

Ɗan zango ne, ko iyo bai iya ba,
Neman na tuwo ya ɗora shi kan ruwa.
Koko da manganis suka loda a Takoradi,
Libaful suka nufa, garin Turawa.
Can ƙasan jirgi yake, shebur a hannu,
Ba ya ganin rana, sai wuta da zufa mai yawa.
Da Jamus suka harbo ta ƙarƙashin teku,
Na ɗakin wuta shi ne ƙarshen fitowa.

Malamin Nima:
Allah ya jiƙansa ɗana. Na karɓa.

Bai sa kaki ba, bai saɓa bindiga ba,
Ranar faretin 'yan mazan jiya ba a tunawa.
Amma hadisi ya ƙirga shahidai biyar,
Cikinsu har da wanda ya mutu a ruwa.

Shin ba jirgin nan mai sunan garinmu ba ne, Accra, da aka nutsar a Yulin 1940? Ko Abosso na Oktoban 1942, shi kam mutum 362 ya tafi da su, 31 kacal suka tsira.

Ɗan Sabon Zango:
A'a Malam, waɗancan na fasinja ne, nasa na kaya.

'Yar Mamobi:
Ku maza kun tsaya lissafin jirage, matar da ya bari fa? Malam a gafarce ni, ni ta bakinta zan yi.

Ba gawa, ba likkafani, ba makara,
To wa zan yi wa takaba, da wace shaidawa?
Masu gaisuwa sun tsaya a bakin zaure,
Su ce "ya haƙuri" ko "yaushe zai dawowa"?
Ran da jirgi ya nutse albashi ya tsaya,
Sai ka ce shi ya ajiye aiki don gudawa.

Wannan na albashin ba ƙari na yi ba fa, haka dokar jiragen Ingila take har zuwa Mayun 1941, jirgi na nutsewa alƙalami ya tsaya ko da mutum na cikin kwalekwale yana shan rana.

Malamin Nima:
Kin kama ni 'yata. A Malikiyya matar wanda ya ɓace shekara 4 take jira bayan ta kai magana gaban alƙali, sannan ta yi wata 4 da kwana 10.

Ɗan Sabon Zango:
Yaya kin taɓo inda ke min ciwo wallahi, don na riske ta da rai, tsohuwa tukuf, kuma ba ta sake aure ba.

Shi ya yi dakon koko na buhu,
Ita ta dama na ƙwarya tana sayarwa.
Koko da ƙosai a bakin lungu,
Da su ta rene 'ya'ya har aurarwa.
Rigar sanyin da ya taɓa kawowa daga Libaful,
Duk hunturu sai ta fito da ita shanyawa.
Muna yara muna dariya, wa zai sa wannan a Ankara?
Ta ce ku bar ta, mai ita na zuwa.

Ɗan Tudu a Landan:
Ni ban iya waƙa ba jama'a kar ku min dariya, amma nan Tower Hill akwai bangon tunawa da ma'aikatan jiragen kasuwanci da ba su da kabari sai teku, na yaƙi na biyu kaɗai sunaye wajen 24,000, an jera su ƙarƙashin sunan kowane jirgi. Turo min sunan jirgin, Asabar ba ni da aiki.

Ɗan Sabon Zango:
Allah ya saka da alheri ɗan'uwa. Takardar da ke da sunan jirgin na cikin adakar Gwaggo, bayan Juma'a zan je in lallaɓa ta, ba kowa take buɗe wa ba.