Wace kalma za mu ba "sustainability" a Wikipedia ta Hausa?

1/ Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman taimakon masana harshe da manoma da 'yan'uwana malaman makaranta a kan kalma ɗaya. Ɗalibaina na babbar sakandare, 'ya'yan ƙauyukan da ke tsakanin Auyo da Haɗejia, suna rubuta maƙaloli a Wikipedia ta Hausa a kan sauyin yanayi. Da suka zo kan kalmar Turancin nan sustainability sai aiki ya cije. Kowane rukuni na sa abin da ya zo masa a baki, ni kuma ba na so abu ɗaya ya fita da suna daban a kowace maƙala.

2/ Ga yadda muke yi, don wanda bai sani ba. Maimakon in cika allo su kwafa, kowane rukuni yana ɗaukar abin da ya shafi garinsu: ambaliyar kogin Haɗejia, ciyawar kacalla, bishiyar gawo, kwararowar hamada ta wajen Maigatari da Birniwa. Dokar Wikipedia ita ce duk maganar da ka rubuta sai ka kawo madogara, kuma kowa na iya gyara maka. Yaron da ya rubuta cewa ruwan sama ya ragu, ya yi shiru, dole ya koma ya nemo hujja. A nan yake gano farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, ya kuma gano cewa bayan nan ruwan ya ɗan dawo, amma da wani hali: ya yi jinkiri, ya tsaya a tsakiyar damina, sannan ya sauko da ƙarfi lokaci guda.

Masu kacalla sun fi kowa ƙaruwa. Sun shigo da zaton sauyin yanayi ne kaɗai ya kawo ta. Da suka karanta sai suka ga hannun madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, waɗanda suka sa ruwa ke gudana a kogin har da rani. Hanyoyin ruwan da a da suke bushewa suka daina bushewa, kacalla ta samu wurin zama, ta toshe su, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Yaron da ya tono wannan da kansa ba zai ƙara jingina kowace matsala ga sauyin yanayi ba tare da ya bincika ba.

3/ To, ita kalmar me take nufi? Asalinta daga daji ne. A 1713 wani jami'in haƙar ma'adinai a yankin Saksoni na Jamus, Hans Carl von Carlowitz, ya ga ramukan ma'adinai na cinye itace, ya yi rubutu cewa kada a sare fiye da abin da dajin zai iya mayarwa. A 1987 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta Norway ya faɗaɗa ma'anar: mutanen yau su biya buƙatarsu ba tare da sun hana na baya biyan tasu ba. Daga nan aka zo kan muradu 17 da ƙasashen duniya suka amince da su a 2015, da niyyar cimma su zuwa 2030. Na 13 a cikinsu shi ne na yanayi.

Abu biyu ke cikin kalmar ke nan: ana cin moriya, kuma ana barin tushen da zai sake bayarwa. Duk Hausar da za mu zaɓa ina so ta ɗauki biyun.

4/ Abin da ya fi yawo shi ne "ɗorewa". Rediyo da jaridu sun saba da "ci gaba mai ɗorewa". Damuwata da ita ɗaya ce: ɗorewa ba ta zaɓe. Zaman lafiya na ɗorewa, rikici ma na ɗorewa. Kacalla ta ɗore a fadamunmu, ba wanda ya yi murna. Kalmar na cewa abu ya ci gaba da kasancewa, amma ba ta ɗora wa kowa nauyi ba. Da na tambayi ɗalibai mene ne noma mai ɗorewa, da yawansu suka ce noman da aka daɗe ana yi. Me kuke gani?

Wani malamin gona daga wajen Gumel ya amsa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ni a wajen manoma "tattali" nake amfani da ita, kuma ba su taɓa tambayata fassara ba. In na ce a yi tattalin ƙasa, sun san ana nufin taki, da haɗa gero da wake, da barin karmami da kara su rufe gona, da rashin sare gawo. Gawo kuwa shi ne malaminmu: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Wanda ya bar shi a gona yana ci yana tattali.

5/ Na gode ƙwarai, Malam. Tattali ta ɗauki nauyin da ɗorewa ta bari, wannan gaskiya ne. Inda take ba ni wahala shi ne "tattalin arziki" ta riga ta kama wurinta. Ranar da yaro zai rubuta a kan ginshiƙai uku da ake yawan ambata, wato muhalli da zamantakewa da tattalin arziki, zai wayi gari yana rubuta tattalin tattalin arziki.

Wata malamar firamare daga Kafin Hausa:
Malam, me ya hana "alkintawa"? Mu mata ita muke cewa. A alkinta hatsi, a alkinta ruwa, a alkinta itacen girki. Ba ɓoyewa ba ce kamar adanawa, ana amfani da abin amma da lura. Ita kuwa adanawa ku bar ta, don wanda ya kulle rumbu ya hana kowa ci ma ya adana.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga Ringim:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan aiki. A zamaninmu ilimin tattalin arziki "tsimi da tanadi" muke ce masa. Tunda an bar wannan suna yanzu, ku ɗauko shi ku ba wannan sabon abu. Tsimi shi ne kada ka yi almubazzaranci, tanadi shi ne ka tuna da gobe. Ban ga abin da ya rage ba.

6/ Amin, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ma'anar ta zauna. Tsorona shi ne har yanzu akwai tsofaffin littattafai da masu karatu da suka san tsimi da tanadi da ma'anarta ta farko, sai mu haɗa musu darasi biyu a suna ɗaya. Sannan tsimi na karkata ga rage ci, alhali wani lokaci maganin ba rage ci ba ne, sake dabara ce. Dubi abin da manoman Maraɗi suka fara tun shekarun 1980: ba su daina noma ba, ba su kuma dogara ga dashe ba. Kututturen da ke tohowa a gona suke zaɓar 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su datse sauran, har bishiya ta tashi. Miliyoyin hekta sun sake yin kore a Nijar ta wannan hanya, kuma sunan da suka ba abin Hausa ce tsantsa: sassaben zamani.

Malama, alkintawa ta shiga raina, kuma za ki gan ta a ƙasa.

7/ Bari in kawo wadda ta fito daga aji, don ita ce ta fi tsaya mini. Wata ɗaliba 'yar gidan manoma ta ce ai wannan abu suna da shi a gida: komai yunwar bazara, ba a taɓa damin iri. Sai ta ce a kira shi "a-ci-a-bar-iri". Ginin kalmar ba baƙo ba ne, haka muka sami a-daidaita-sahu da a-kori-kura. Kuma ta ɗauki abu biyun nan da na nema, ci da bari. Har kishiyarta ta zo da kanta: cin iri. Mai sare gawo ya yi gawayi ba tare da ya bar na baya ba, cin iri yake. Mai kama 'yan ƙananan kifi da raga mai ƙananan ido, cin iri yake. Mai jan ruwan rijiyar burtsatse da injin ban ruwa fiye da abin da damina ke mayarwa, shi ma haka. Ban taɓa bayyana wannan darasi cikin sauƙi kamar ranar da na samu waɗannan kalmomi biyu ba.

Wani mai gyara a Wikipedia ta Hausa, daga Kano:
Yaya, kalmar ta yi daɗi, amma kada ku sa ta a matsayin take. Wikipedia ba ta ƙirƙirar suna, tana bin abin da aka riga aka wallafa ne. In kun sa a-ci-a-bar-iri, mai nema ba zai same ta ba, kuma wani zai zo ya mayar da ita ɗorewa, da hujjarsa. Ku kai maganar shafin tattaunawa na maƙalar, ku ajiye dalilanku a can. Abu na biyu, ku lura da ƙugiya. Mutane da yawa "dorewa" suke bugawa a waya, don haka ku sa wannan rubutun ya riƙa kai mai nema zuwa na daidai.

8/ Ƙanena, ka yi gaskiya, kuma wannan ma darasi ne da nake so yaran su ji daga bakin wani ba ni ba: son kalma ba hujja ba ne. Ga inda na tsaya, sai in wani ya kawo abin da ya fi.

Taken maƙala zai zama "Ɗorewa", saboda ita jama'a suka sani, kuma ita ke ba da sifa cikin sauƙi: noma mai ɗorewa, makamashi mai ɗorewa. Amma ba za mu bar ta ita kaɗai ba. Jimlar farko za ta ɗaure ta, kamar haka: "Ɗorewa, a fannin muhalli da ci gaba, ita ce cin moriyar ƙasa da ruwa da daji tare da alkinta su, ta yadda na baya za su tarar da abin da za su rayu da shi." Inda ake maganar aikin da mutum ke yi da hannunsa, za mu ce tattali ko alkintawa. A-ci-a-bar-iri da cin iri za su zauna a aji da bakin gona. Zan roƙi masu shirye-shiryen noma a rediyo da marubuta su gwada su. In suka kama har aka buga su, yaran za su sami madogarar da za su shigar da su maƙala.

9/ Akwai ta biyu da ke jiranmu a maƙalar ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin inda ta fi ɓarna. Kalmar "yanayi" muke amfani da ita ga abin da sama ta yi yau, kuma ita muke amfani da ita ga halin da wuri ya saba da shi, wanda masana ke aunawa da matsakaicin shekara 30. Yaran na buƙatar raba biyun kafin su iya bayyana dalilin da ya sa damina ɗaya mai ƙarfi ba ta isa hujjar sauyin yanayi ba. A yanzu "yanayin yau da gobe" da "yanayin dogon zango" muke rubutawa. Wanda ke da waɗanda suka fi su gajarta, musamman masunta da makiyaya da ke da sunayen iska da lokuta da ba mu sani ba a makaranta, ya ajiye mana a nan kafin masu rubuta maƙalar ambaliyar su wallafa.