Wa ya tsara tsohon filin golf na St Andrews?

Malam Habu: Ina nan a kan bakata cewa babu mahalukin da ya zana Old Course, wato tsohon filin golf na St Andrews. Wani zirin yashi ne tsakanin garin St Andrews na Sikotlan da teku, wanda ba ya nomuwa. Iska ce ta tara tuddansa, kuma an daɗe ana cewa gurabun da tumaki suka riƙa fakewa daga sanyi su ne suka zama kwaruruwan yashi. Tun a 1552 Akbishop John Hamilton ya tabbatar wa mutanen gari 'yancin yin wasa a wurin, kuma har gobe ana hutar da filin ranar Lahadi.

Alhaji Bala: Allah ya gafarta Malam, rabin zancen ka faɗa. Ramuka 22 ake bugawa har zuwa 1764, lokacin da 'yan ƙungiyar golf ta St Andrews suka ga huɗun farko sun cika gajarta, suka haɗe su zuwa biyu, kuma da yake ana bin su a tafiya da dawowa, sai lissafin ya koma 18 ɗin da duniya ta kwaikwaya. Ban taɓa jin tumaki sun yi taro sun yanke shawara ba. Sannan Old Tom Morris ya yi kusan shekara 40 yana kula da filin, ya sare ƙayoyi ya faɗaɗa shi, ya kuma gina farfajiyar rami na 18, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawa da ke kewaye da ramin.

Hajiya Rabi: Alhaji, gyara daban, ƙirƙira daban. Dubi manyan farfajiyoyi bakwai da kowace ke ɗauke da ramuka biyu, kamar 2 da 16, ko 7 da 11. Ƙuncin wurin ne ya tilasta wa masu tafiya da masu dawowa bin hanya guda, ba hikimar wani mai zane ba.

Alhaji Bala: To, Hajiya, a leƙa kwarin yashin da ke gaban rami na 17. Bangonsa faifan ciyawa ne da aka jera ɗaya kan ɗaya kamar tubali, a miƙe, yadda ƙwallo in ta maƙale a gindinsa dole mutum ya buga ta gefe. A 2010 an ja wurin bugun farko baya, tsawon ramin ya kai yadi 495, sannan a 2012 mai zanen filayen golf Martin Hawtree ya sake taɓa wasu sassa, aka yi ta cece-kuce.

Malam Habu: Bangon kam, na sallama, aikin hannu ne. Amma duk da wannan ƙarin tsawo, da iska ta lafa a gasar Open ta 2022, Cameron Smith ya ci kofi da bugu 20 ƙasa da adadin bugun da aka ƙayyade wa filin. In mutum ne ya tsara wahalar filin, me ya sa take kwantawa duk ranar da iska ta kwanta?