Me za mu kira "marital interest" a gidan da aka saya kafin aure?

Tafinta: Salamu alaikum. Ana neman kalmar Hausa da za ta zauna a madadin abin da kotunan Amurka ke kira "marital interest", a jihar Kalifoniya kuma "community interest". Mutum ne ya sayi gida da bashin banki tun bai yi aure ba. Da aka yi auren, sai aka ci gaba da biyan bashin da albashin da ake samu a cikin zaman, daga baya auren ya mutu. Takardar gidan da sunansa take, amma doka ta ce wani yanki na darajar gidan ya zama na su biyun. Wannan yankin nake nema wa suna. An ba ni "haƙƙin aure" da "ruwan aure", ban gamsu ba.

Barista: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun a ajiye su. Duk Bahaushen da ya ji "haƙƙin aure", ci da sha da sutura da kwanciya ne za su zo masa a rai. "Ruwan aure" kuwa ya fi muni, domin kuɗin ruwa shi ne ainihin abin da ba a ƙirgawa. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke haka a shari'ar Moore a 1980, inda ma matar ce ta sayi gidan kafin aure. Abin da aka rage daga uwar kuɗin bashin shi kaɗai ke sayen yanki a gidan. Kuɗin ruwa da harajin gida da inshora duk ɗawainiyar zama ce. Shari'ar Marsden ta 1982 ta ƙara cewa tashin da farashin gidan ya yi kafin ɗaurin aure na mai gidan ne shi kaɗai.

Hajiya Akanta: Bari in sa lambobi, sai a ga girman abin da ake nema wa suna. A ce an sayi gida dala 400,000, an ba da kafin alƙalami 80,000, banki ya ba da 320,000. Kafin aure mai gidan ya rage 20,000 daga uwar kuɗi, ranar ɗaurin aure kuma gidan ya kai 450,000. A cikin zaman auren an rage 60,000. Ranar rabo gidan ya kai 650,000.

Za a raba 60,000 da farashin saye, wato 400,000, ya ba da kashi 15 cikin 100. Gidan ya ƙaru da 200,000 a cikin auren, kashi 15 na wannan 30,000 ke nan. A haɗa da 60,000 ɗin, ya zama 90,000. To wannan 90,000 ita ce abin da Malam ke tambaya. Ita ake rabawa biyu, kowa 45,000. Bayan an cire ragowar bashi 240,000 da 45,000 na ɗayan, mai gidan zai tashi da 365,000.

Nan mutane ke shan mamaki. Mace ko namiji ya ga an shekara goma ana zuba wa banki kuɗi duk wata, ya ɗauka rabin gida ya samu, alhali a shekarun farko na irin wannan bashin mafi yawan biyan wata kuɗin ruwa yake tafiya. Matsala ta biyu ita ce farashin gidan a ranar aure. Ba mai kiran mai ƙiyasin gidaje ranar biki, don haka sai an koma baya an yi ƙiyasi da cinikin gidajen unguwar na wancan lokacin, kuma a kan wannan lambar lauyoyi suka fi kai ruwa rana.

Ɗan Katsina: Ni da za a bi tawa, gandu da gayauna sun gama magana. Gidan gayaunar mutum ne, amma da hatsin gandu aka biya bashinsa. Sai mu ce "rabon gandu".

Malamin Fiƙihu: Misalin ya yi daɗi, amma gandu yana ƙarƙashin maigida ne, ba a san matar aure da mallakar rabinsa ba, ita kuwa waccan dokar daidai wa daida ta ajiye su. A lura kuma, a fiƙihunmu aure ba ya haɗa dukiya, kowa da tasa. In mace ta sa kuɗinta a ginin mijinta, ko dai kyauta ce, ko rance, ko tarayya, kuma shaida ce za ta bambance. Saboda haka kalmar da za a zaɓa kada ta ja hankali zuwa sadaki ko gado. Ni "tarayya" na fi so, don ita muke amfani da ita in mutum biyu suka mallaki abu guda.

Barista: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Sai in ƙara "kaso" a gaba: kason tarayyar aure, a taƙaice kason tarayya. Kishiyarsa kuma dukiyar ƙashin kai.

Ɗan Maraɗi: Barista, a dokar Faransa gidan da aka mallaka kafin aure yana nan na mai shi, sai dai ya biya asusun ma'aurata abin da suke kira "récompense". Shi ma kason tarayya za mu ce?

Barista: A'a, ɗan'uwa, wannan a ba shi nasa sunan. Kaso mallaka ce a jikin gidan. Abin da ka kawo bashi ne da ake bin mai gidan, na ce a kira shi bashin tarayya. Haka jihar Tezas take yi: ranar da aka ƙulla sayen gida ita ke nuna mai shi, abin da asusun aure ya zuba kuma sai dai a nemi a mayar. Tezas da Kalifoniya duk suna cikin jihohi 9 masu bin tsarin dukiyar tarayya, amma ka ga a nan sun raba hanya. Mai fassara ya fara duba jihar da takardar ta fito.

Tafinta: Madalla, na gode. Na rubuta kason tarayya da bashin tarayya da dukiyar ƙashin kai. Saura ɗaya: in mai gidan ya sa sunan matarsa a takardar gida bayan aure fa?

Barista: Lissafin Hajiya ya tsaya ke nan daga wannan ranar. A Kalifoniya sauya dukiyar ƙashin kai ta zama ta tarayya sai da rubutu bayyananne, tun daga 1985 maganar baki ba ta wadatarwa. In an yi rubutun, gidan ya zama na tarayya gaba ɗaya. Sashe na 2640 na dokar iyali ya ba tsohon mai gidan damar karɓar abin da yake nasa a gidan a ranar sauyin, ba kuɗin ruwa a kai, ba kuma ƙarin tashin farashi. A nan kada ka rubuta kason tarayya, rubuta gidan tarayya.