Don Allah mene ne ma'anar "barge in"? Yau na sha kunya a ofis

Ɗan Kurna:
Salam jama'a, masana Turancin gidan nan ku taimaka min. Yau da safe a wajen aikinmu can Bompai oga ta ce in kai mata wani fayil da gaggawa, to ni da na ji gaggawa sai kawai na tura ƙofa na shige, ashe tana da baƙi har uku suna mitin, ta ɗago ta kalle ni ta ce "you can't just barge in like that". Ni wallahi badge na ji, na ɗauka katin shaidar aiki take tambaya tunda ran Litinin an yi mana faɗa kan rashin rataya shi, sai na zaro shi daga aljihu na nuna mata. Ɗaya daga cikin baƙin sai da ya sunkuyar da kai yana dariya. Na duba a waya na ga wai barge jirgin ruwa ne, to ina ruwan jirgi da shigata ofis? Kuma zagi ne ko faɗa ne kawai, don in san irin haƙurin da zan bayar gobe.

Malamar Gwale:
Ƙanina ka ba ni dariya wallahi, amma kwantar da hankalinka ba zagi ba ne. Nufinta ka faɗo mata ba sallama, ka kutsa kai ba a ce ka shigo ba. Kalmar tana ɗauke da abu biyu a haɗe, shiga ba izini da kuma shiga da ƙarfi ba natsuwa, wato wanda ya lallaɓo a hankali kamar ɓarawo ba za a ce masa barge ba, sai wanda ya banko ƙofa kowa ya ji shigowarsa.

Ka lura da ƴan kalmomin da ke biyo ta don a nan ɗalibaina suke faɗuwa. In ba ka ambaci wurin ba sai ka ce barge in ka tsaya. In za ka faɗi wurin, barge into ne, kamar barge into the office, kuma da shi ake cewa ka bangaji mutum a hanya. In kuma mutane ka faɗo wa suna tsakiyar magana ko cin abinci to barge in on ne. Akwai barge past, wanda ya ture ka ya wuce, irin abin da ake yi mana a Kwari ana gobe sallah. Ana furta ta da jan wasali, baaj, shi kuwa katin naka baj ne a gajarce. Kalmar hira ce, kar ka saka ta a takardar neman aiki ko wasiƙar ofis, a can intrude ake rubutawa.

Tsohon Direba:
Maganar jirgin ni zan amsa maka ɗana, don na yi shekaru ina dakon kaya zuwa Legas na gan su da idona a Apapa an jibga musu kwantena. Barge wani ƙaton jirgin dakon kaya ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kamar faranti, da yawansu ko inji ba su da shi sai wani ƙaramin jirgi ya ja su ko ya tura su. Ba birki, ba ya juyawa da sauri, in ya nufo abu sai dai abin ya kauce ko a yi karo. Ka ɗauka kurar ƴan garuwa ce cike da jarkoki ta ƙwace a gangara, ko tirela a cikin lungun Fagge. To mutumin da ya shigo wa mutane haka shi aka kamanta da jirgin. Mu nan Kano ba mu da babban kogi shi ya sa abin ya yi mana nisa, amma ai layin dogon da ya iso Kano a 1911 daga Baro ya taso, bakin kogin Kwara, don a haɗa kayan jirgin ƙasa da na ruwa.

Ɗalibin BUK:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Sunan jirgin ya daɗe a Turanci, tun wajen shekarar 1300 suka aro shi daga tsohon Faransanci, su kuma daga Latin, kuma akwai masanan da ke kai shi har ga baris, sunan da Girkawa suke kiran wani jirgin Misirawa na kogin Nilu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a da har jirgin alfarma da sarakunan Ingila ke hawa a kogin Thames ranar biki barge ake ce masa, wato kalmar da ta taɓa zama ta sarauta ita ce yanzu ake yi wa mara ladabi faɗa da ita. Ma'anar karo da bangaza ba ta fito ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Ita ma intrude ɗin da Anti ta kawo daga Latin take, asalinta tura abu ciki da ƙarfi, kusan daidai da kutsawa tamu. Masu kallon ƙwallo kuma kun sha jin ta ba ku lura ba, in ɗan baya ya sa kafaɗa ya ture ɗan gaba mai sharhi shoulder barge yake cewa.

Maman Biyu:
Ni dai ina ganin Hausa ta fi su rarrabe abin nan. Wanda ya faɗo ɗaki daban, mai tsoma baki a zancen da ba nasa ba daban, mai katsalandan da mai shisshigi daban, ga ɗan gayyar soɗi da ke zuwa biki ba kati, shi ne Turawa ke ce wa gatecrasher, mai tsoma bakin kuma butt in suke cewa. Kuma Ɗan Kurna tsakani da Allah ko da Hausa ta yi maka faɗan ai ka san ba ka kyauta ba, tun muna Islamiyya aka karantar da mu aya ta 27 a Suratun Nur kan neman izini da sallama kafin shiga, ga hadisin Abu Musa cewa izini sau uku ne in ba a amsa ba ka juya. Yarana ma yanzu fama nake da su kenan, sai dai ka ji gam an banko ƙofa.

Malamar Gwale:
Na manta ban faɗa maka na haƙurin ba. Gobe ka ƙwanƙwasa, ka jira ta amsa, sannan ka ce "sorry for barging in yesterday, ma". Gajere haka ya isa, kar ka tsaya dogon bayani.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai Anti, Baba Allah ya ƙara girma. Maman Biyu na karɓi laifina amma fa ita ta ce da gaggawa. Na rubuta jimlar a takarda ina ta maimaitawa a cikin adaidaita har mai mashin ɗin yana leƙena ta madubi. Matsalar yanzu masinjan ofis ya ji labari, tun azahar duk inda na gifta sai ya ɗaga min katinsa.