Wace gasa ce ta fi kowacce? Kowa ya faɗi inda ya kalli tasa a Legas

Sani Mai Waya, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Musu ne ya kaure a teburin mai shayi kan gasar da ta fi kowacce a tarihin ƙwallo, har aka tashi ba a rabu ba. Yara sun kafe kan Qatar 2022, manya sun ce yara ba su ga komai ba. Na kawo maganar nan amma da sharaɗi: kada wanda ya kawo mana abin da ya gani a YouTube daga baya. Gasar da ka kalla ko ka saurara lokacin da ake yin ta, ka faɗi inda kake a Legas ranar da abin da ya faru. Kofin duniya, kofin Afirka, Olamfik, duk mun karɓa.

Baba Alhaji, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Jikana ne ke rubutawa, ni ina faɗa masa. Tawa ita ce kofin Afirka na 1980, kuma ba a talabijin na gani ba, ina cikin filin wasa na ƙasa da ke Surulere ranar 22 ga Maris. Lokacin ina saurayi, ina bin wana sayar da goro. Daga Idi-Araba a ƙasa muka taka tun da hantsi, don wanda ya jira azahar ko ƙofar filin ba zai hango ba. Green Eagles ake ce wa 'yan wasanmu a zamanin. Aljeriya muka samu a wasan ƙarshe, ko zama ba mu gama gyarawa ba Segun Odegbami ya jefa ta farko. Ya ƙara ta biyu kafin hutu, aka dawo Muda Lawal ya cike ta uku. Mutumin da ke gefena ya shigo da ƙaramar rediyo a kunne yana sauraron mai sharhin wasa Ernest Okonkwo, wai idonsa kaɗai bai ishe shi ba.

Da idona na ga Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin. Daga baya aka ba 'yan wasan gidaje a Festac da mota Fijo 504 kowannensu. Karon farko ke nan da muka ɗauka, a gidanmu, naira kuma ta fi dala daraja. Ku yara ku je ku tambaya.

Abba Barca, Mile 12:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma da girman kujerarka, ƙasa takwas ce fa kawai a gasar, wasa biyar kuka buga kuka ɗauki kofi.

Baba Alhaji, Idi-Araba:
Biyar ɗin mun ci kofi da su. Kai nawa kuka buga a Qatar ɗin?

Kawu Bala Direba, Apapa:
Baba ya gama da kai, Abba, zauna ka ji.

Ni Amurka 94. Wanda bai zauna a Legas a shekarar ba ba zai gane ba. Rikicin zaɓen 12 ga Yuni bai lafa ba, tun 1993 mutanenmu da yawa sun kwashe iyali sun mayar gida, mu da muka rage kowa yana kaffa-kaffa. Ana cikin gasar aka kama Abiola, farkon Yuli kuma ma'aikatan mai suka shiga yajin aiki, motocinmu suka tsaya cak. A cikin wannan hali muka je kofin duniya karon farko, da kofin Afirka na Tunisiya a hannunmu, FIFA ta sa mu na biyar a duniya a watan Afrilu.

Wasan Bulgeriya tsakar dare aka yi shi a agogonmu. Wani makanike Bayarabe ya fito da talabijin ɗinsa baƙi da fari ya jona da batirin mota, muka kewaye shi, direbobi da yaran mota da masu gadi. Da Rashidi Yekini ya ci ya shige cikin raga ya riƙe ta yana kuka, wallahi ban san wanda na runguma ba. Yekini ma ai a Kaduna ya tashi, kowa a wurin yana cewa nasa ne. Amokachi ya ƙara, Amunike ya ƙara, uku da nema. Bulgeriyar nan fa ita ce ta je ta fitar da Jamus daga baya.

Na Italiya kuwa har gobe yana min ciwo. Amunike ya ci, Amokachi ya ji rauni ya fita, shi ma Amunike ya bi shi. Aka ba Zola jan kati, suka koma goma. Saura minti biyu, mun fara lissafin wanda za mu haɗu da shi a gaba, Roberto Baggio ya farke, ya zo ya ci fenareti a ƙarin lokaci. Makaniken nan bai ce uffan ba, ya cire wayar batirinsa ya ɗauki talabijin ya shige. Da Baggio ya harba tasa sama a wasan ƙarshe da Brazil, mun yi murna a garejin har da sayen lemo.

Hajiya Maman Khalifa, Obalende:
Ku ba mata wuri. Ni ba mai kallon ƙwallo ba ce, tuwo nake sayarwa, amma Atlanta 96 ni na kalla a gidanmu, ba maigidan ba. Wasan Brazil ne, dare ya yi sosai. Da aka tafi hutu suna da uku muna da ɗaya, Alhaji ya ja tsaki ya ce gobe akwai kasuwa, ya shige ɗaki. Ni kuma goyo ya hana ni barci, na zauna ina jijjiga yaro, talabijin na yi shi kaɗai. Ikpeba ya ci ta biyu, ban tashe shi ba, na ce kada in tashe shi ya zo ya ga baƙin ciki. Can dab da tashi dogon yaron nan Kanu ya ɗaga ƙwallo a gaban gola ya juya ya zuba ta. Ihun da unguwa ta ɗauka ne ya fito da Alhaji ba hula ba takalmi, yana tambaya ko juyin mulki aka yi, kun san mu da barikin Dodan maƙwabta ne. Yana tsaye bai gama fahimta ba Kanu ya sake ci, aka ce wasa ya ƙare, don a lokacin duk wanda ya fara ci a ƙarin lokaci shi ke nan.

Mutane suka cika titi da tukwane da murafai ana kaɗawa har asuba. Har yau in yana ba abokansa labarin wasan, sai in yi gyaran murya.

Abba Barca, Mile 12:
Hajiya, Olamfik ai gasar 'yan ƙasa da shekara 23 ce, ba a sa ta a layin kofin duniya.

Malam Nura, Ketu:
Abba, je ka duba waɗanda aka doke kafin ka ce yara. Brazil ta zo da Ronaldo da Roberto Carlos da Bebeto da Rivaldo da Aldair. Ajantina da muka ci 3-2 a wasan ƙarshe ranar 3 ga Agusta tana da Crespo, Ortega, Zanetti, Simeone da Ayala. Sau biyu suna shiga gaba muna farkewa, Babayaro da Amokachi, sannan Amunike ya rufe. Ba wata ƙasar Afirka da ta taɓa cin zinaren ƙwallo kafin nan. Kuma ka tuna a farkon shekarar gwamnatin Abacha ta hana mu zuwa kare kofinmu a Afirka ta Kudu, aka kuma dakatar da mu daga na 1998, saboda haka Atlanta ce ta share mana hawaye. Yaran Kaduna sun cika tawagar: Amokachi, Babayaro, Tijjani Babangida, Garba Lawal.

Amma ni ba ita zan zaɓa ba. Tawa kofin Afirka na 2000 ne, wanda muka shirya tare da Ghana, duk da ba mu ci ba. Watanni kaɗan kafin nan, a Nuwamban 1999, aka yi rikicin kasuwar Ketu, wanda ya san abin da ya faru ya sani, ba sai na tona ba. Ban yi niyyar shiga taro ba sam, wani abokin cinikina ɗan Ijebu ne ya saya mana tikitin wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, ya ce in ban je ba ya daina sayen albasata. Na je da hulata a aljihu. Minti ɗaya bai cika ba Tijjani Babangida ya ci, kafin hutu ya ƙara. Filin Surulere gaba ɗaya ya ɗauki sunan Babangida, mutanen da ke bayanmu suka ji muna Hausa da wani, suka ɗaga ni sama wai ɗan'uwana ya fitar da su kunya. Da muka fito na sa hulata, da ita na ratsa Ojuelegba.

Wasan ƙarshe da Kamaru, 13 ga Fabrairu, a gida na kalla. Eto'o da Mboma suka ci biyu, Raphael Chukwu ya rage, aka dawo hutu Okocha ya ɗaure ta daga nesa da ƙafar hagu. Aka je fenareti. Ƙwallon Ikpeba ta bugi ƙarfen sama ta faɗo bayan layi ta fito, alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Shi kansa Ikpeba ya ɗora hannu a ka maimakon ya yi murna. Mu da ke gaban talabijin mun gani da aka maimaita, amma a lokacin babu na'urar da za a koma a duba.

Ɗan Garwa, Alaba Rago:
Malam Nura, Allah ya ba da haƙuri, shekara ashirin da ɗoriya ana jinya. Ni ɗan Kamaru ne, raguna suka kawo ni Legas, kuma ranar ina nan. A cikin shagon wani na kalla, da Rigobert Song ya ci ta ƙarshe na sunkuyar da kai na yi ta salati, suka ɗauka baƙin ciki ne. Sai da na shiga ɗaki na kulle na yi rawata. 1984, 1988, 2000, duk a hannunku muka karɓa.

In gasa ake tambaya, Italiya 90. Ina yaro a Garwa lokacin, don haka na karya sharaɗin Sani, a yafe min. Mun ci Ajantina mai Maradona a wasan buɗe gasa da mutum tara a fili, Omam-Biyik ya sa kai. Roger Milla yana da shekara 38 ya ƙwace ƙwallo a ƙafar Higuita golan Kolombiya. Mu muka fara kai Afirka zagayen 'yan takwas, Ingila ta sha da ƙyar da fenareti biyu. Ku a 94 hanyar da muka share kuka bi, ba ku ma kai inda muka kai ba.

Usman Tela, Sabo Yaba:
Ba wanda zai ambaci Faransa 98? Abacha ya rasu ranar Litinin 8 ga Yuni, ranar Asabar muka ci Sifaniya 3-2. Garba Lawal ya bugo wata daga gefe golansu Zubizarreta ya tura ta cikin ragarsa da hannunsa, sai Oliseh ya saki wannan harbin. Ina shagon maigidana, ƙarfen guga na kan rigar mutane, ban tuna da shi ba sai da muka ji ƙauri. Abin da Denmark ta yi mana daga baya, 4-1, kada a tayar.

Abba Barca, Mile 12:
To iyayena, na saurara, yanzu ku ji tawa. Duk abin da kuka lissafa labarin Najeriya ne, ba labarin gasa ba. Kawu Bala, wasan ƙarshe na 94 minti 120 aka yi ba ci ko ɗaya. A Qatar ba mu je ba, Ghana ta cire mu a Abuja, amma duk da haka gidan kallo bai taɓa cika irin lokacin ba, kuma wannan ne shaidar gasa mai kyau.

Ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar sauke tumatir, Saudiyya ta ci Ajantina 2-1. Masu dako suka ajiye kwanduna, dillalai suka bar ciniki, aka yi ta kabbara a bakin gidan kallo. Japan ta ci Jamus ta ci Sifaniya. Maroko ta doke Beljiyam, ta fitar da Sifaniya da fenareti, ta fitar da Fotugal, ƙasar Afirka ta farko a zagayen 'yan huɗu, suna sujada a fili, Hakimi yana zuwa wurin mahaifiyarsa a cikin 'yan kallo. Wasan ƙarshe kuma Ajantina na da biyu har minti 80, 'yan Messi sun fara tsokanar 'yan Ronaldo, Mbappe ya ci biyu cikin minti biyu. Messi ya ƙara, Mbappe ya sake farkewa. Ana cikin ƙarin lokacin man janareto ya ƙare, wuta kuma dama babu. Duk mutanen ɗakin muka taru kan wayar wani yaro, a kanta muka ga Martinez golan Ajantina ya tare ƙwallon Kolo Muani da ƙafa. Ku kawo min wasan ƙarshe ɗaya da ya kai wannan.

Kawu Bala Direba, Apapa:
Wasan ƙarshen na ba ka, ban yi musu ba. Amma kai da aka tashi gida ka tafi ka ci tuwonka, ko wa ya ci. Ni bayan wasan Italiya abinci bai shiga cikina ba sai washegari.

Sani Mai Waya, Agege:
Abba ya fi ku hujja in kyan ƙwallo ake nema, wannan gaskiya ce ko da ɗaci. Amma ni ƙuri'ata tana wurin Hajiya. A ci Brazil a ci Ajantina cikin kwana huɗu, duka bayan sun shiga gabanmu da ci, ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Na yi mamaki ma ba wanda ya kawo 2013, da Keshi ya tafi da 'yan wasan gida Sunday Mba ya ci Kodebuwa ya ci Burkina Faso, ko Juma'ar da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu a 2018, mako guda bayan ƙaramar sallah, duk wanda ya shigo shagona ranar sai ya kira ni Musa.

Malam Nura, Ketu:
Ɗan Garwa, ragon layyar bana a wurinka zan saya, amma sai ka fara faɗa a gaban jama'a cewa ƙwallon Ikpeba ta shiga.

Ɗan Garwa, Alaba Rago:
Ta shiga, Malam. Kofin dai yana Yawunde. Babba kake so ko matsakaici?